Baƙin Kawu Sauko a Bakin Ƙofa

Kawu Habu bai taɓa amsa maganar mutumin da yake tsaye a kansa ba, ko wane ne shi. Ka zo ka yi sallama, ka zuba gaisuwa tun daga gajiya har iyali, shi kuwa yana kan tabarmarsa a gindin dogon-yaron bakin tasha, ya tasa cikin rediyon wani a gaba yana tono, ko kai ba zai ɗaga ba. Sai ka gaji ka ce, "Malam Habu, da kai fa nake," sannan ya nuna ƙasa da yatsa ya ce, "Sauko." In ka tsuguna, to ga fara'a, ga hira, har lafiyar kakarka sai ya tambaya. In ka ƙi, ka yi ta yi da iska. Shan inna ya shanye masa ƙafafu tun yana ɗan shekara huɗu, ya ce shi dai ya gaji da ɗaga wuya yana kallon cikin hancin mutane. Da haka sunan ya bi shi. Daga Magariya har Dungas, in ka ce Habu mai rediyo sai a tambaye ka wanne, in ka ce Sauko kuwa an gama magana.

Ni ce Rakiya, ɗiyar ƙanwarsa. A gidansa na girma, ni na yi ta dafa wa baƙinsa abinci shekara da shekaru. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Uwata yake kirana ko da zagina zai yi. Dangi, kun san bakina, kun kuma san ba na iya haɗiye fushi. Ban rubuto muku takardar nan don a yi dariya kawai a watse ba. Raina a ɓace yake tun ranar sadakar bakwai, kuma har yau bai huce ba.

Ga waɗanda suka yi kamar ba su gani ba, bari in tuna muku. Yaya Sanusi, babban ɗan Kawu, ya zo daga Damagaram, ya kafa rumfa a tsakar gida, ya jera kujeru, manyan mutane suka zauna ana kai musu faranti da cokali. A waje kuwa, jikin bango, cikin rana, mutum sama da ashirin ne a zaune: guragu, makafi, kurame, daga Dungas, daga Kwaya, daga Guci, wasu a motar kasuwa wasu a amalanke. Ta'aziyyar abokinsu suka zo. Mu kuma da muka ga kekuna da sanduna sai muka ce masu karɓar sadaka ne sun ji labarin mutuwa. Muka ƙulla musu abinci a baƙar leda, muka miƙa ta ƙofar zaure. A gidan Habu Sauko! Ga shi sadakar arba'in ranar Alhamis ce, Malam Sule na Dungas, amininsa, ya aiko cewa babu wanda zai ƙara tako ƙofarmu a cikinsu. In har mutanen nan ba su zo ba, ni ban ga wa za mu dafa wa abincin ba.

Ku yaran da aka haifa jiya ba ku san Kawu fatoma ba ne, wato mai masaukin baƙi. Wani fatoman na ƴan shanu ne, wani na ƴan goro. Nasa baƙin su ne duk mai nakasar da hanya ta kawo Magariya: mai neman takarda a ofishin furefe, wato shugaban hukumar yanki, mai zuwa likita, mai tsallakawa Najeriya, mai cin kasuwa. Direbobin tasha sun sani, da sun sauke keken guragu daga saman mota sai su nuna dogon-yaro. Wurin kwana bai taɓa ba shi wahala ba, zaure na nan. Wurin cin abinci ne yaƙinsa. Ya san kowace rumfa a garin nan, wadda ƙofarta za ta ci keke, wadda yashin gabanta ke riƙe ƙafa, wadda aka ɗora butar wanke hannu can sama inda sai mai tsayi, da wadda mai ita za ta kalle ka ta ce "Allah ya ba mu" tun ba ka buɗe baki ba. Ya san inda ake dambun da ya ji zogale da ƙuli, da inda ake ɗanwaken da ba a yi masa rowar mai. Ya ce baƙo bai san gari ba sai ya zauna ya ci abin garin yadda ƴan garin ke ci.

A gida ma bai bar mu mun huta ba. Ku tuna shekarar da ya sa aka sare dokin ƙofar zaure don kekuna su shiga ba sai an cicciɓa ba. Matarsa Inna Zulai, Allah ya ji ƙanta, ta yi magiya, ta yi faɗa, ta ce damina za ta zo ruwan lungu ya shigo mana. Ruwa kuwa ya shigo, har da takalman maƙwabta. Muna kwalfa da ƙwarya, tana masifa, shi yana kan keke a tsakar gida yana kallo.

"To mene ne?" in ji shi. "Shi ma baƙo ne. Da kansa ya shigo, ba wanda ya ɗauko shi, da kansa kuma zai fita."

Har ya koma ga Allah ba a mai da dokin ƙofar nan ba.

Sai maganar restora, wadda rabin kasuwa suka gani da idonsu. Wani Alhaji ya dawo daga Libiya, ya buɗe wurin abinci a kan hanyar kasuwa. An ɗaga ginin sama saboda ruwa, matakala huɗu masu sulɓi, fanka uku a ciki. Ranar Kawu yana da baƙo, wani mushen lakwal, wato malamin makaranta, daga Damagaram wanda hatsarin moto ya ajiye a keke, mutum mai kunya, ya ce shi ko burodi aka sayo masa ya isa. Kawu ya ce atafau sai sun ci a sabon wuri. Suna isa gindin matakala, ƙarti biyu masu aiki a wurin suka fito suna naɗe hannun riga.

"Baba, bari mu ɗauke ku."

Kawu ko kallonsu bai yi ba. Ɗayan da ya san hali ya tsuguna ya maimaita.

"Ku ɗauke ni? Buhun gyaɗa ka gani?"

"To mu kawo muku nan."

"Nan ina? Cikin rana, a bakin kwata, ina ci ina korar akuya, masu wucewa suna jefo mini dala? Kira mini Alhajin."

Alhaji ya aiko cewa yana da aiki. Tabɗi! Sai wanda bai san Kawu ba yake aiko masa da irin wannan saƙo. Ya juya kekensa ya gindaya shi a gaban matakala, ya ja na mushe ya haɗa, ya zaro sarƙa ya ɗaure su da ƙarfen gini, ya buga kwaɗo, ya fito da wani rediyo ya hau gyara. Ranar kasuwa ce, azahar ta ƙarato. Na ciki ba fita sai da tsalle, na waje ba shiga. Wata Hajiya mai jiki ta maƙale a matakala ta biyu tana ta salati. Mushe kuwa ya rufe fuska da hula, kamar ƙasa ta tsage ya shige. Aka aiko a kira ni, na bar tuwo a wuta na zo a guje, na durƙusa.

"Kawu, don girman Allah. Ka tara mana mutane."

"Uwata, ni na tara su? Ni ma hanya nake jira. Su yau kaɗai suka rasa ta, ji yadda suke kuka."

Da Alhaji ya ga ciniki zai lalace sai ga shi yana gumi. Ya tsaya ya yi magana, ya yi magana, Kawu yana ta hura ƙurar rediyo. Daga ƙarshe ya tattare babbar riga ya tsuguna a gaban jama'a. Aka fito da tebur aka kafa a inuwa, da ƙyallensa, da buta, da ruwan sanyi, daidai da na ciki. Aka kawo shinkafa da miya. Kawu ya kai loma ɗaya, ya tauna a hankali, kowa ya zuba masa ido.

"Wannan miyar aka gina wa matakala huɗu? Haba Alhaji, ko daddawa babu."

Ya cinye tas, ya sa aka ƙara wa mushe.

Alhajin nan, in faɗi gaskiya, ba mugu ba ne. Bayan sati biyu ya kira magini ya ce a yi wa Malam Habu gangara. Shi kuwa magini gangarar da ya sani ɗaya ce, irin wadda ake yi a ƙofar kowane gida don tura moto, wato babur, ƴar siririya a tsakiyar matakala, faɗinta bai wuce tafin hannu biyu ba. Aka shafe ta da siminti, aka yi kwana uku ana yayyafa mata ruwa, aka aiko cikin girmamawa Kawu ya zo ya fara hawa. Har da ƴan kallo. Ya zo, ya dubi gangara, ya dubi kekensa, ya dubi Alhaji da tuni ya tsuguna yana murmushi.

"Alhaji, ƙirga mini ƙafafun keken nan."

"Uku ne."

"To ta gaba ta hau ta ci abinci, biyun baya su jira ta a ƙasa ke nan?"

Alhaji ya ce ai da dabara zai hau. Kawu ya zame ya sauka kan tabarma ya ce bismilla, nuna mini dabarar. Ka san namiji a gaban jama'a. Alhaji ya hau, ya murza da ƙarfinsa, ƙafar gaba ta haye, na baya suka daki matakala, keke ya ɗaga kai sama ya juye da shi a kan tulin raken wani mutum. Hula gabas, takalmi yamma. Kawu ya waiwayi ƙartin nan biyu.

"Me kuke jira? Ku ɗauke shi. Shi ya yarda a ɗauke shi."

Aka fasa gangarar aka yi mai faɗi, Kawu yana zaune a kan magini har aka gama, tana nan har yau. Ku ji fa! Mutumin da ba dangin iya ba na baba ya koyi karatun nan a wata guda. Mu da muka tashi a gindin keken, mu ne muka kasa.

Malam Sule kuwa, wanda ya ce ba zai ƙara zuwa ba, makaho ne kuma dillalin awaki. Ya shafa akuya sau ɗaya ya gaya maka shekarunta da cikin da ta yi. Wata ranar kasuwar Guci na bi su shi da Kawu da man gyaɗata. Da rana ta take muka je wurin mai fura. Ta dubi Kawu, ta nuna Malam Sule da haɓa.

"Shi me zai sha?"

"Ido ya rasa, bakinsa na nan," in ji Kawu. "In ya fara magana ma sai kin roƙe shi ya yi shiru. Tambaye shi."

Ta tambaye shi. Sannan ta sa hannu can ƙarƙashin tebur ta jawo wani kofin roba mai tsaga, duk ya yi baƙi. Kawu ya karɓa yana juyawa.

"Wannan na su wa ne?"

"Na masu lalura ne."

"Madalla."

Ya ajiye shi a ƙasa a hankali, ya bi ta kansa da keke, gaba da baya, gaba da baya. Ya ce mata yanzu kofunanta duk sun zama iri ɗaya. Ta yi ta zazzaga masifa, yana amsa mata da amin. Amma a ƙwarya mai tsabta suka sha, da ludayi, kamar kowa.

A wurinsa na koyi ajiye wa makaho abinci. Ba a kama hannunsa a tsoma masa a kwano kamar jariri, ba a kuma ajiyewa shiru a tafi. Faɗa ake yi: tuwo na gabanka, miya na dama, yaji na bakin faranti ta wajenka, ruwa na gwiwarka ta hagu. In ka gusar da abu ko da ɗan yatsa ne, ka faɗa. Ranar da na janye kofin ruwa ban faɗa ba, zagin da na sha har Inna Zulai sai da ta shiga tsakani. To amma kada ku ɗauka waliyyi nake ba ku labari. A Gucin nan, bayan fura, suka sayi balangu aka zuba musu a takarda ɗaya. Kawu ya jero bayaninsa tiryan-tiryan, nama a tsakiya, yaji a dama. Suna cikin ci sai Malam Sule ya tsaya.

"Habu."

"Na'am."

"Yanka goma sha ɗaya na ji sun faɗa a takardar nan. Uku na ci. Tun ɗazu hannuna ba ya samun komai sai albasa."

Kawu, baki cike, ya juya ya hau mai balangu da faɗa.

"Kai kuma wane irin mutum ne? Nama ake jefawa kamar tsakuwa? Gobe ka riƙa ajiyewa a hankali, kana tona wa mutane asiri!"

Kwaɗayi gare shi, rowa gare shi, ba wanda zai musa mini. Sai dai a takarda ɗaya ya cuci Malam Sule, cutar aboki da aboki, kuma Malam Sule ya rama a kasuwa ta gaba.

Na ƙarshe, don na ga takarda na cika. Bara wasu ƴan furoje, masu aikin agaji, suka kira reniyo, wato taro, a kan yadda za a kyautata wa nakasassu, aka gayyato su daga ƙauyuka. A ina aka yi reniyon? A saman bene, don can ne ke da sanyi. Waɗanda ake maganar a kansu aka bar su a ƙasa gindin itace, aka zuro musu lasifika ta taga wai su ma su ji. Da rana ta yi tsaka ƙamshin kaza ya sauko. Kazar ba ta sauko ba. Abin da ya sauko ledoji ne, burodi da sardin. Kawu ya bi kowa ya karɓe tasa, ya jera su reras a gindin matakala, ya ce a biyo shi. Guragu a gaba, makafi riƙe da bayan kekuna, kurame suna tsai da masu moto, suka ratsa gari har rumfar Tabawa mai dambu, inda ƙasa take shimfiɗe kuma tabarma ta ishi kowa. Ina can ina taya ta tsinke zogale suka iso. Da lokacin hoto ya yi, ƴan furoje suka sauko babu kowa. Sai ga wani saurayi ɗaure da karabat a wuya, a kan moto, yana haki.

"Baba, ana jiran ku. In babu hoto ba mu da abin nuna wa manya."

Kawu ya nuna ƙasa. Saurayi ya dubi wandonsa da ya sha guga, ya tsuguna.

"Ɗana, ai mun bar muku wakilai a gindin matakala. Suna nan a jere, ba sa gardama. Ku ɗauke su."

"Ledoji ne fa, Baba."

"Su kuka turo mana a madadinku. Mu ma su muka tura."

Kawu ya sa aka zuba wa saurayin dambu, ya ci, har ya nemi ƙari.

To wannan mutumin ne muka yi wa sadaka da leda. Yaya Sanusi, kai ne babba, ka yi haƙuri da bakina, amma ranar Alhamis ba na son ganin kujera ko ɗaya a gidan nan. Tabarmi za a shimfiɗa tun daga zaure har ƙofar ɗakin Inna Zulai, tire iri ɗaya, nama iri ɗaya. Manyanka na Damagaram in gwiwarsu ba ta lanƙwasuwa, su gaisa su wuce, ba mu riƙe kowa ba. Duk wadda na gani da leda a hannu, ni da ita ne.

Yanzu bari in faɗi abin da nake ta kewayewa tun farkon takardar nan. Ni ce na ƙulla ledojin. Ina madafa tun safe aka leƙo aka ce masu karɓar sadaka sun taru a ƙofa. Ban tambaya ba. Na kwashe ragowar tukunya har da ƙanzo, na ƙulla, na kai zaure, na miƙa hannu ta bayan labule na ce, "A yi haƙuri, a raba." Na ga ƙafar keke ta ƙasan labulen. Wallahi na gani. Na ce da na sauke miya zan fito. Ban fito ba. Duk faɗan da kuka ji ina yi, rabinsa da kaina nake.

Shekaranjiya na shiga motar Dungas. Na sami Malam Sule a ƙofar gidansa yana ba awaki harawa. Ban gama sallama ba ya ce, "Uwar Habu ce?" Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura. Na fara ba shi haƙuri a kan leda, ya ɗaga hannu.

"Bar maganar leda. Na ji muryarki a bayan labule, abincin ma na ci, hannunki ne. Ba shi ya tsaya mini a rai ba. Shekara talatin da ɗoriya ina cin kwano ɗaya da mutumin nan. Na zauna jikin bangonku tun hantsi har la'asar, ina jin ana shiga ana fita ana yi wa juna ta'aziyya. Ba wanda ya ce mini ya haƙuri. Ko mutum ɗaya."

Na rasa inda zan sa kaina. Na gyara zama na ce, "Malam, ya haƙuri?"

Ya cire hula ya goge fuska da ita.

"Da godiya," ya ce. "Ya naki haƙurin?"

A nan na yi kukan da ban samu na yi ba tun ranar da aka fita da Kawu. Ya bar ni har na gama, sannan ya ce a turo mota da wuri ranar Alhamis, shi zai gaya wa sauran.

Saboda haka za su zo. Duk wanda ya tare su a ƙofa, kafin ya miƙa musu ko ruwan sha, ya fara yi musu ta'aziyya, don su ma an yi musu rasuwa.

Allah ya ji ƙan Kawu Habu, ya yafe masa rowarsa da taurin kansa, ya yalwata masa makwanci. Allah ya ba Malam Sule haƙurin rashin abokinsa. Mu kuma ya yafe mana, ya fara da ni. Amin.